Waƙa da Ƙarfin Zuciyar Mutanen Gida a Lokacin Yaƙi: Darasi Daga Gaya da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Idan aka ambaci yaƙi, abin da yakan fara zuwa a zuciya shi ne fagen daga: dawaki da masu a zamanin da, bindigogi da jiragen sama a wannan zamani. Sai dai kowane yaƙi yana da wani fage na biyu wanda ba a cika rubuta tarihinsa ba, wato gida. A can ne uwa take kwana ido biyu, matar aure take auna abin da ya rage a rumbu, manomi yake biyan harajin da aka ƙara masa, falke kuma yake zaman jiran ranar da hanya za ta buɗe. In zuciyar waɗannan mutane ta karaya, rundunar da ke bakin daga ba ta daɗewa a tsaye, domin daga gida ne abinci da kuɗi da sababbin mayaƙa suke fitowa. Masu mulki sun daɗe da gane haka, shi ya sa da wuya a sami wani babban yaƙi da aka yi ba tare da an nemi mawaƙa ba.

Wannan maƙala ta duba yadda waƙa ta riƙe zukatan mutanen gida a wasu yaƙe-yaƙe da rikice-rikicen da suka shafi yankin Gaya, tun daga ƙarni na 19 har zuwa shekarun baya-bayan nan. Garin iyaka wuri ne da ya dace da irin wannan nazari, saboda duk waƙar da aka rera a cikinsa kunnuwan ƙasa fiye da ɗaya suke jin ta. A irin wannan wuri ake saurin gane bambancin waƙar da ke ƙarfafa mutane ta hanyar faɗin halin da suke ciki, da wadda ke zuga su ta hanyar wulaƙanta maƙwabci. Ta farko takan ƙetare kogi ta kuma daɗe a bakin jama'a. Ta biyu kuwa, mai rera ta yakan haɗu da wanda ya zaga a kasuwa ta gaba.

Gaya, Mahaɗar Ƙasashe Uku

Gaya tana bakin kogin Kwara a kudancin jihar Dosso, kimanin kilomita 300 daga Yamai. A ƙetaren ruwa akwai Malanbil ta ƙasar Benin, wadda a da ake kira Dahome, a gabas kuma akwai Kamba ta jihar Kabi a Nijeriya. Dendawa da Kyangawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani sun daɗe suna zaune tare a wannan yanki, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Tun kafin zuwan Turawa, fataken goro masu zuwa Gwanja daga Kano da Sakkwato sukan biyo ta Jega su ƙetare kogin a wannan shiyya, gishirin Foga kuma yana bin hanyoyin nan zuwa kudu da gabas. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 su ne suka yanka yankin, suka bar dangi ɗaya a ƙarƙashin tutoci daban-daban. A 1958 aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, ta zama babbar ƙofar kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano zuwa Nijar.

Abin lura shi ne, makaɗi bai taɓa ɗaukar wannan iyaka da muhimmancin da ma'aikacin kwastan yake ba ta ba. Inda ake biki ko suna ko naɗin sarauta, can yake zuwa, kuma inda ya je waƙarsa ta je.

Zamanin Ganuwa da Tambari

A ƙarni na 19 ƙasar Dendi ta kasance cikin rikicin da ya biyo bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A 1849 Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a Argungu domin maido da ƴancin Kabi daga hannun Gwandu, kuma da yawa daga cikin Arawa da Zabarmawa da Dendawa suka mara masa baya. An yi ta gwabzawa shekara da shekaru, in ban da ɗan lokacin sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda aka ƙulla a shekarun 1860 zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga. A ɓangaren Zabarmawa, mayaƙin da ya fi shahara shi ne Isa Korombe, wanda aka kashe a yaƙin Bumba a 1896, a bakin kogin nan dai, yamma da Gaya.

A wancan zamani tazarar da ke tsakanin gida da fagen daga ba ta wuce kaurin ganuwa ba. In aka buga tambari ko aka busa ƙaho, kowa ya san abin da ake nufi, kuma kowa yana da aikinsa: maza su hau ganuwa, mata su tanadi ruwa da guzuri, tsofaffi su tattara yara da dabbobi. Aikin makaɗi da maroƙi ya kasu kashi-kashi. Kafin a fita, su ne ke zuga mayaƙa da kirarin iyaye da kakanni. In an dawo, su ne ke bayyana wa gari wanda ya yi abin kirki da wanda ya ba da baya, kuma tsoron shiga bakin mawaƙa ko bakin ƴan mata a dandali ya tsayar da maza da yawa a inda da sun gudu. In kuma an yi rashi, su ne ke ambaton sunayen waɗanda suka faɗi, ta yadda iyalansu za su san cewa gari bai manta ba. Har yau jasare na ƙasar Zabarma suna ba da labarin Isa Korombe da kiɗan molo, kamar yadda makaɗan Argungu suke riƙe da kirarin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16.

Ɓangaren Sakkwato da Gwandu ma bai yi sake da wannan makami ba, sai dai shi ya fi dogara ga rubutacciyar waƙa ta malamai. Nana Asma'u ƴar Shehu (1793–1864) ta yi waƙa a kan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma ta hannun jajoji da ƴan taru waƙoƙinta suka riƙa shiga cikin gidaje har ƙauyuka, inda mata suke haddace su. Ke nan tun a lokacin an fahimci cewa matan da aka bari a gida suna bukatar a gaya musu dalilin wahalar da suke sha, kuma waƙa ce hanyar da ta fi saurin isa gare su.

Yaƙin Duniya na Biyu: Iyaka Tsakanin Abokan Gaba

A watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗa hannun Jamus. Gwamnatin Marashal Pétain da ke Vichy ta tsagaita wuta, Janar de Gaulle kuma ya koma Landan ya ci gaba da yaƙi. Cadi, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi de Gaulle a watan Agusta, amma Pierre Boisson, babban wakilin Faransa a Dakar, ya tsaya tare da Vichy, har ma ya fatattaki harin da Ingila da mutanen de Gaulle suka kai wa Dakar a watan Satumba na shekarar. Saboda haka daga 1940 zuwa Nuwamba 1942, Nijar da Dahome suna ɓangare guda, Nijeriya tana wani ɓangaren. Iyakar da ke tsakanin Gaya da Kamba ta zama iyakar sansanoni biyu masu zargin juna. An tsananta tsaro, an taƙaita fatauci, tufafi da sauran kayan kanti suka yi wuya, sumoga ta bunƙasa.

A ɓangaren Faransa, waƙar da hukuma ta ɗora wa makarantu ita ce ta yabon Pétain, wadda aka fi sani da «Maréchal, nous voilà!», da ta fito a 1941. Waƙa ce da Faransanci, a ƙasar da ƴan makarantar boko ba su taka kara sun karya ba, tana kuma yabon wani tsoho da ba wanda ya taɓa gani sai a hoto. Da Afirka ta Yamma ta koma ɓangaren ƙawance a ƙarshen 1942, aka sauke hotunan, waƙar ma ta bi su. Ta rayu ne gwargwadon ran hukumar da ta kawo ta. Nauyin yaƙin kuwa bai sauka daga kan talaka ba, sai ma ƙaruwa da ya yi: karɓar hatsi da dabbobi, ɗibar samari aikin soja, da aikin tilas wanda bai ƙare a doka ba sai ranar 11 ga Afrilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Mutane da yawa na ƙauyukan iyaka sun riƙa tsallakawa ƙasar Ingilishi domin kauce wa wannan nauyi.

Wannan ɓacin rai yana da wurin da yake fita. A al'adar yankin, waƙoƙin niƙa da daka da daɓe da renon yara su ne akwatin da mata suke zuba abin da ba su iya faɗa a gaban mai gari ko gaban kumandan. Mace takan saka sunan mijinta ko ɗanta a cikin tsohon amshi, ta yi habaici ga wanda ya ɗauke shi, sauran mata su karɓa. Ba wanda ya biya kuɗin irin wannan waƙa, ba ta kuma yabon kowace tuta, amma da ita ake samun ƙarfin gama aikin yini, kuma a garin da aka kwashe ƙarfafan maza, gama aikin yini shi ne abin da ake kira ƙarfin zuciya.

A ɓangaren Ingila lamarin ya ɗan bambanta, domin hukuma ta yi magana da jama'a da harshensu. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, kuma a tsawon yaƙin ita ce ke kai labarin Hitila da na fagen daga zuwa zaurukan Arewa, inda mai karatu ɗaya yakan karanta wa mutum goma. Akwatin rediyo bai yawaita ba tukuna, don haka daga zaure labari yake shiga bakin maroƙa da masu kiɗan kasuwa. Sojojin Nijeriya, waɗanda Hausa ta daɗe tana zaman harshen barikinsu, sun yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka a 1941, sa'an nan suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka fafata da Japan daga 1943 zuwa 1945. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi da na rundunoninsu sun zauna a kan barikoki, kamar barikin Dalet a Kaduna da na Chindit a Zariya. A nan ma talaka ya biya nasa kason, musamman ta aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos tsakanin 1942 da 1944.

Waƙar Hausa da ta fi shahara daga wannan yaƙi ita ce «Maraba da Soja» ta Sa'adu Zungur, malamin Bauci da ya rasu a 1958. Ya yi ta ne domin tarbar sojojin da suka dawo. Abin da ya sa ake karanta ta a makarantu har yau shi ne ba ta tsaya ga yabon jarumtaka ba. Ta ɗauki kalmar ƴanci, wadda Turawa suka ce dominta aka je yaƙin, ta juyo da ita gida, ta auna ta da halin da talaka yake ciki. Waƙar maraba ta zama waƙar neman hakki. Masu mulki sun buɗe wa mawaƙa baki domin bukatar yaƙi, kuma da yaƙin ya ƙare bakin bai rufu ba.

Rikicin Tsibirin Lete

Bayan samun mulkin kai a 1960, rikicin da ya fi kusa da ƙofar Gaya shi ne na tsibirin Lete, wanda ke cikin kogi tsakanin Nijar da Dahome. Makiyaya da manoma na gaɓa biyu sun daɗe suna amfani da shi, kuma a 1960 an yi arangamar da ta jawo asarar rayuka. A ƙarshen 1963, bayan kifar da gwamnatin Hubert Maga a Dahome, dangantaka ta yi tsami: gwamnatin Diori Hamani ta kori ma'aikata ƴan Dahome, aka rufe hanyar Kwatano, ƙasashen biyu suka matso da sojoji kusa da kogi. Ba a kai ga yaƙi ba. A 1965 aka sasanta a Yamoussoukro, amma maganar mallaka ba ta mutu ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, lokacin da Kotun Duniya da ke Hague ta ba Nijar tsibirin Lete tare da wasu, jimilla tsibirai 16 daga cikin 25, sauran 9 kuma ta ba Benin.

Wannan rikici yana nuna matsayin da mawaƙin iyaka yake samun kansa. A babban birni, abokin gaba suna ne a jarida. A Gaya kuwa suruki ne, ko abokin ciniki, ko maigidan da ya ba makaɗi riga a bikin bara. Mai cin abinci a gaɓa biyu ba ya iya ƙona ɗaya domin ya faranta wa ɗaya. Wannan hali, wanda mai zafin kishin ƙasa zai iya ɗauka a matsayin rauni, shi ne ke bar wa sulhu ƙofa a buɗe, domin hukumomi sukan shirya a teburi cikin yini guda, amma zagin da ya shiga waƙa yakan yi shekaru yana yawo.

Yaƙin Basasar Nijeriya a Akwatin Rediyo

Yaƙin da waƙar Hausa ta fi taka rawa a cikinsa shi ne yaƙin basasar Nijeriya, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970. A lokacin ƙaramar rediyo mai batir ta riga ta shiga ƙauyuka. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ana kama shi a duk faɗin ƙasar Hausa ta Nijar, a Nijar ɗin kuma ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo da aka kafa a shekarar ta saba wa mutane da zama a taru a saurara, a kuma tattauna. Saboda haka mai shayi a tashar Gaya yana jin abin da takwaransa na Birnin Kabi yake ji, a sa'a ɗaya.

Matsayin ƙasashen uku ya sake bambanta. Diori Hamani ya tsaya tare da gwamnatin tarayya ta Janar Yakubu Gowon, duk da cewa Faransa ta karkata ga Biyafara. Dahome kuwa, a zamanin Émile Derlin Zinsou, ta bar ƙungiyar agaji ta Red Cross ta riƙa tayar da jiragen kai abinci Biyafara daga Kwatano a 1969, abin da bai yi wa Legas daɗi ba. Gaya ta sake zama a tsakiya.

Mawaƙan baka da marubuta duk sun shiga wannan fage. Mamman Shata Katsina (1923–1999) ya yi wa soja waƙoƙi da kalangunsa. Ɗan Maraya Jos (1946–2015), wanda aka fi sani da waƙoƙin ƙananan ma'aikata irin su karen mota, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi masu yawa da kuntiginsa, yana kawo hoton fagen daga a cikinsu kamar mai sauraro yana gani. A ɓangaren rubutu, an shirya gasar waƙoƙin soja wadda ta jawo ɗaruruwan waƙoƙi daga malamai da ɗalibai da ƴan kasuwa, kuma Graham Furniss ya yi nazari a kansu a 1991. Wadda ta fi fice ita ce «Jiki Magayi» ta Alhaji Aƙilu Aliyu (1918–1999), haifaffen Jega, a kan tsohuwar hanyar fataken da ke bi ta Dendi. A ɗaya ɓangaren ma haka abin yake: Rediyon Biyafara ta dogara ga kiɗa da waƙa, taken ƙasar kuma an ɗora shi a kan wani sanannen kiɗa na Sibelius, mutumin Finland.

Amfanin waɗannan waƙoƙi ga mutanen gida a fili yake. Rundunar Nijeriya ta ninka girmanta sau da yawa cikin shekara uku, kuma da wuya a sami unguwa a Arewa da ba ta da ɗa a bakin daga. Wasiƙa tana jinkiri, jarida tana faɗin abin da hukuma ta yarda, jita-jita kuma ba ta barci. Muryar da aka sani, wadda take ambaton garuruwan da aka ci da sunayen hafsoshi da bataliyoyi, tana ba uwa abin da za ta riƙe, tana kuma ɗaga darajar aikin soja, wanda a da iyaye da yawa ba sa so ɗansu ya shiga.

Amma akwai ɗaya fuskar, wadda bai kamata malami ya ɓoye wa ɗalibi ba. Yaƙin ya biyo bayan juyin mulki biyu da kisan da aka yi wa dubban Inyamurai a garuruwan Arewa a 1966, kuma toshe hanyoyin Biyafara ya jawo yunwar da ta kashe fararen hula masu ɗimbin yawa, galibinsu yara. Wasu waƙoƙin lokacin ba su tsaya ga zambon Ojukwu ba, sun haɗa da ƙabila gaba ɗaya. Da yaƙin ya ƙare, Gowon ya shelanta cewa ba wanda ya ci wani, Inyamurai suka komo Kano da Kaduna da Sakkwato suka sake buɗe shagunansu. Daga ranar irin waɗancan baitoci suka zama nauyi a kan mai su. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka ɗora a kan kiɗa ta fi kowace wuyar komawa.

Abin da Ke Sa Waƙar Yaƙi Ta Kama Zuciya

Abin da aka gani a wannan yanki ya yi daidai da abin da ya faru a wasu sassan duniya. A Ingila, waƙar da mutane suka fi riƙewa a Yaƙin Duniya na Biyu ita ce wadda Vera Lynn ta rera a 1939 a kan rabuwa da fatan sake saduwa. Wasu manya sun ji tsoron irin waɗannan waƙoƙin bege za su sanyaya jikin soja, har BBC ta kafa kwamitin tace su a 1942, amma jama'a da sojoji su suka fi nema, kuma a 1944 mawaƙiyar ta je har Bama ta yi wa dakaru waƙa. A Jamus, «Lili Marleen» ta Lale Andersen, wadda gidan rediyon sojan Jamus a Belgrade ya yaɗa daga 1941, labarin soja ce da masoyiyarsa. Goebbels, ministan farfaganda, bai so ta ba, amma ta ƙetare fagen daga har sojojin Ingila suka ɗauka. A Masar, bayan kayen da aka sha a 1967, Ummu Kulsum ta zagaya ƙasashe, har da Paris, tana waƙa tana tara wa ƙasarta kuɗi. A ɗaya gefen kuma akwai Ruwanda ta 1994, inda gidan rediyon RTLM ya riƙa saka waƙoƙin Simon Bikindi a lokacin kisan kiyashi, kuma a 2008 kotun ƙasa da ƙasa ta Arusha ta ɗaure shi shekara 15 saboda tunzura jama'a a bainar jama'a.

Idan aka haɗa waɗannan misalai, za a ga cewa ƙarfin waƙa a lokacin yaƙi yana fitowa ne da farko daga ambaton suna. Sanarwar hukuma tana magana da adadi, waƙa kuma tana kiran mutum da sunan ubansa da garinsu, kuma wanda aka kira ɗansa a gaban jama'a yakan ji cewa rashin da ya yi yana da daraja. Sai kuma amshi. Tsarin waƙar Hausa, inda jagora yake bayarwa ƴan amshi suna karɓa, yana mayar da mai sauraro abokin aiki, kuma wanda ya karɓi amshi tare da maƙwabtansa ya san ba shi kaɗai ne cikin damuwa ba. Bayan haka akwai gaskiyar mai waƙar. Jama'a sukan yarda da muryar da suka san tana faɗin halinsu a lokacin zaman lafiya, shi ya sa mawaƙin da ya saba yi wa lebura da direba waƙa ake saurarensa in ya yi wa kurtu. Inda aka rasa waɗannan abubuwa, ko sau nawa aka maimaita waƙa a rediyo, a kunne take tsayawa.

Zamanin Wayar Salula

Daga ranar 6 ga Fabrairu 2015, da mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, Nijar ta shiga wani sabon yanayi na yaƙi, wanda daga baya ya bazu zuwa yamma. An kashe sojoji 71 a Inates a watan Disamba 2019, da wasu 89 a Shinagodar a watan Janairu 2020. Mawaƙan gargajiya da na zamani sun fitar da waƙoƙin ƙarfafa jami'an tsaro da ta'aziyya ga iyalansu, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, kuma a wannan karo hanyar yaɗuwarsu ita ce wayar salula da WhatsApp, inda ba editan da zai tace, ba kuma iyakar da za ta tare.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar Gaya da Malanbil, manyan motoci suka yi jerin gwano a gaɓa biyu, mutane suka koma ƙetarawa da kwalekwale kamar kakanninsu. Ko da aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, hukumomin Nijar sun ci gaba da rufe nasu ɓangaren a wannan shekara. An kuma ga yadda waƙoƙin kishin ƙasa suka cika gidajen rediyo da talabijin da tarurrukan Yamai. Tambayar da mawaƙin Gaya ya fuskanta a 1940 da 1963 ita ce ta sake dawowa: yadda zai ƙarfafa nasa ba tare da ya yanke zumuncin da zai bukata gobe ba.

Kammalawa

Yawancin waƙoƙin da aka yi magana a kansu ba a rubuce suke ba. Na fada da na manyan mawaƙa sun sami shiga faifai da kaset, wasu kuma suna ajiye a gidajen rediyo da cibiyoyin bincike irin su IRSH da CELHTO a Yamai. Na mata a bakin turmi da dutsen niƙa, da na masunta da ƴan kwalekwale, da waɗanda tsofaffin sojoji suka dawo da su daga bariki, suna cikin ƙirjin masu su ne kawai. Yaron da ya yi wayo a zamanin Vichy ya haura shekara casa'in, saurayin da ya saurari Kaduna a 1967 kuma ya wuce saba'in.

Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin al'adu bai fi ƙarfinsu ba, domin wayar da ke aljihun kowa tana ɗaukar murya. Abin da ake bukata shi ne tsari: a nemi izinin mai waƙa, a rubuta sunan garinsa, da wurin wanda ya koya, da lokacin da ake rera ta, da harshen da aka yi ta, a kuma tambayi mata kamar yadda ake tambayar maza. Ya dace ƙungiyoyin Gaya su yi wannan aiki tare da takwarorinsu na Kamba da Malanbil, saboda sau da yawa rabin waƙa yana wannan gaɓa, rabin yana waccan. Kada kuma a zubar da baitocin zambo don kunya. A ajiye su tare da bayanin lokacin da ya haife su, domin ɗalibin da aka nuna wa waƙar maraba da waƙar zagi gefe da gefe, aka tambaye shi wadda za a iya rerawa yau a gaban baƙo daga ƙetaren kogi, ya sami ma'aunin da zai auna waƙar da za ta shigo wayarsa gobe.